Mutum Arba'in a Jirgin Asabar

Ranar Litinin da hantsi aka tsinci mayafin Sa'adiyya a bayan rumbun mijinta, a cukuikuye, jini ya bushe a jikinsa. Kafin azahar babu gidan da labarin bai shiga ba a Tungar Mairuwa, ƙauyen nan na bakin kogin Kwara da ke ƙasar Bagudo. Kafin la'asar kuwa an gama yanke wa mijin nata, Zayyanu, hukunci a bakin rijiya da majalisun gindin bishiya, saura kawai hukuma ta sa hannu.

Garin dama cikin makoki yake. Ranar Asabar jirgin kasuwa ya kife a tsakiyar ruwa. Mutum ashirin da tara suka fita da rai, aka tsamo gawa goma sha ɗaya, aka ce arba'in sun cika, aka janye masu nutso. A ranar ce kuma Sa'adiyya ta ɓace. Zayyanu ya zo bakin mashiga yana ɗingishi yana kururuwa, wai matarsa tana cikin jirgin. Sai aka kira ƙanwarta Shafa'atu, domin ita ta gina wa ƙungiyar masu jirage shafin intanet ɗin da ake rubuta sunan duk wanda zai shiga jirgi. Ta buɗe a wayarta, ta karanta sunaye arba'in ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, sannan ta ɗaga kai.

"Yaya ba ta shiga jirgin nan ba," in ji ta. "Shafina ba ya ƙarya."

Allah ya sani da murna ta faɗa, don a ganinta ta ceto yayarta daga ruwa. Ina ta san abin da ta ɗaura wa bawan Allah a wuya? Nan take maƙwabta suka tuna cewa da asubar ranar sun ji Zayyanu yana ɗaga murya, har ya ce, "Kada ki dawo mini gida!" Mutanen Tungar Mairuwa ba sa tuna abu sai ranar da zai cutar da wani. Da mayafi ya fito, magana ta haɗu: ya kashe ta, ya ga jirgi ya kife, ya ce bari ya jingina wa ruwa. 'Yan sanda suka tafi da shi Bagudo, aka ce ranar Alhamis za a wuce da shi Birnin Kebbi.

Goggo, mahaifiyar Sa'adiyya da Shafa'atu, ta ƙi kuka ta ƙi ci. Ta zauna a bakin ƙofa tana Allah ya isa. Dare bai yi ba ta kira Shafa'atu.

"Ubanku Kanta ya bi sawun saniya tun daga Sharabi har cikin Benin, ya dawo da ita," ta ce. "Ke kin yi boko, kin fi shi ido. Nemo mini ɗiyata. In rai, in gawa."

* * *

Sajan Muhsin, wanda binciken yake hannunsa, mutum ne mai sanyin magana. Safiyar Talata ya zaro mayafin daga leda ya shimfiɗa wa Shafa'atu a kan tebur.

Tun tana ƙarama ubanta ya koya mata a fara duban gefen abu kafin tsakiyarsa. Ta bi bakin mayafin da yatsa. An yayyage shi tsaye-tsaye, kowane yanki faɗin tafin hannu, kuma da almakashi aka fara ɓalle bakin. Ta kai hancinta. Bayan ƙarnin jini akwai warin man kaɗanya da garin magani.

"Sajan, wanda ake kokawa da shi ba a yaga mayafinsa da almakashi."

"Ni ma na lura," ya ce. "Amma Malama, ke kika ce ba ta cikin jirgi. In ba ta cikin jirgi, tana ina?"

Aka fito mata da Zayyanu. Kwana ɗaya kacal, amma ya zabge. Ya zauna a benci ya miƙe ƙafarsa ta hagu, inda gyambon da ya shekara biyu yana cinsa yake ɗaure da wani tsumma. Shafa'atu ta dubi tsumman, ta dubi mayafin da ke kan tebur. Zane ɗaya ne.

"Ita take ɗaure mini da shi," ya ce ba tare da an tambaye shi ba. "Na faɗa musu, sun ce dabara ce."

"Yaya Zayyanu, mi ya haɗa ku ranar?"

"Ƙafar nan. An ba ta labarin wata mai magani a ƙetare, ba ta fitowa sai ranar kasuwa. Na ce ruwa ya cika, jirgin Asabar cunkoso gare shi, ba ki zuwa. Ta ce sai ta je. Na ce in kin shiga jirgin nan kada ki dawo mini gida." Ya dubi mayafin. "Tsorata ta nike, Shafa. Wallahi tsorata ta kawai nike. Ita ce magana ta ƙarshe da na yi mata."

Tausayinsa ya kama ta, amma ta danne. In ta yarda da shi, to yayarta tana ƙarƙashin ruwa. In ta yarda da shafinta, akwai sauran fata. Ta zaɓi shafinta, ta fita ba ta yi masa sallama ba.

* * *

A tashar Bagudo wani ɗan kabu-kabu ya rantse mata da Allah cewa ranar Asabar ya ɗauki wata mata doguwa, wankan tarwaɗa, mai tsaga a kumatu, ya kai ta Tsamiya, bakin iyaka. Tana ta kuka a hanya, in ji shi. Shafa'atu ta ce a ranta: Yaji ne! Yaya ta yi fushi ta tsallaka Benin wurin dangi, ba ta ma san abin da ake ciki ba.

Ta hau babur ɗin nasa, suka yi ta keta gonakin dawa har rana ta take. A Tsamiya ta bi masu babura, ta bi masu tuwo, ta bi wata tsohuwa mai sayar da gari wadda ba abin da ke wuce ta. Tsohuwar ta kai ta har ƙofar gidan da matar ta sauka. Aka yi sallama, matar ta fito da goyo a bayanta. Doguwa ce, wankan tarwaɗa, da tsagarta. Mutuniyar Matsinkai ce da ta zo ta'aziyyar ubanta.

Shafa'atu ta ba ta haƙuri, ta yi mata gaisuwar rashi, ta koma bayan wata katanga ta yi kuka mai isarta. Sannan ta share ido ta hau babur. Kwana ɗaya ya tafi a banza, saura ɗaya.

* * *

Ranar Laraba ta canza hanya. In yayarta ta je bakin mashiga ko da ba ta shiga ba, wani ya gan ta. Ta fara da mutanen gari, kowa ya ce hankalinsa na kan kayansa. Malam Abdulnasir, magatakardan mashiga, wanda shi ke shigar da sunaye a kwamfuta, aka ce yana kwance tun ranar Asabar, ba ya ganin kowa. Ba ta matsa ba. Shi ya koya mata karatu a firamare, kuma ta san mutum ne mai raunin zuciya.

Sai ta tafi asibitin Bagudo, inda sauran waɗanda suka tsira suke kwance. A gado na ƙarshe ta sami Hajiya Jannatu, 'yar kasuwa daga Kamba, mai Hausa da gardin Dandanci, yaren Dandawa. Ta nuna mata hoton Sa'adiyya a waya.

"Wallahi ɗiyata ban iya cewa. Ni ce ta ƙarshe da ta shiga, a baya na zauna, ban ga fuskar kowa ba." Hajiya ta yi ajiyar zuciya. "Ai ni da rabon in sha ruwa ne. Da na iso, malamin nan ya ce jirgi ya cika, na'ura ba ta karɓar suna. Na yi ta magiya, na ce daga nesa nike. Sai ya ce in dakata. Ya leƙa waje ya yi magana da wani, ya dawo ya danna wani abu, ya ce to, faɗi sunanki."

"Ya ce ya cika, sannan kuma ya karɓa?"

"Ƙwarai. Ba ni kaɗai ba ma, akwai wasu Zabarmawa biyu a gabana, haka ya yi musu."

Shafa'atu ce ta sa wa shafin iyaka: daga suna arba'in ba ya ƙara karɓa, kuma babu abin da take alfahari da shi kamar wannan. Hanya ɗaya ce tak ta shigar da na arba'in da ɗaya, wato a cire wani. Maɓallin gogewa kuwa ita ta saka shi da hannunta, saboda Malam ya ce yatsunsa na zamewa, yana son ya riƙa gyara kuskure. Ta yi shi a gaggauce. In ya goge suna, ya goge ke nan, ko inuwarsa ba ta saura a ma'ajiya.

A bakin ƙofar asibitin ta tsaya cak. Akwai wuri ɗaya da inuwar za ta iya saura.

* * *

Ofishin mashiga ɗaki ne guda na kwano, da farantin sola a kansa. Tun ranar Asabar 'yan sanda suka garƙame shi. A hanya, a bayan motar Sajan, Shafa'atu ta yi masa bayani.

Makonni Malam yana ƙorafi cewa wani lokaci sai ya shigar da suna ya ɓace. Ita ta zargi na'urar intanet ɗin ofishin, wadda in iska ta kaɗa sai ta saki layin Najeriya ta kama na Benin. Amma ta kasa kama laifin da ido. Kowace burauza, wato manhajar buɗe shafin intanet, tana da wata taga ta masu gyara, inda duk abin da shafi ya yi yake jeruwa layi-layi. Aibinta ɗaya: da shafi ya sake lodi, sai ta share kanta tas. Shafin Shafa'atu kuwa bayan kowane suna yake sake lodi, don haka kuskuren kan yi wulgawa ɗaya ya ɓace kafin ta karanta. Maganin abin wani ɗan akwati ne a saman tagar, wanda in ka sa masa alama, ka ce mata ke nan ta riƙe komai, kada ta share. Safiyar Asabar ta biya ofishin, ta sa alamar, ta ɓoye tagar a bayan shafin don kada ta rikita Malam, ta ce za ta dawo bayan kasuwa ta duba. Sai jirgi ya kife, komai ya fice mata daga kai.

"To yanzu yana nan?" Sajan ya tambaya.

"In ba a kashe kwamfutar ba. In ba a rufe tagar ba. In batir bai mutu ba. Ɗaya daga ciki ya faru, shi ke nan."

Ya buɗe kwaɗon. Kwamfutar tana kan tebur a rufe, wayar cajinta a jone da batirin sola, wata 'yar fitila tana ƙiftawa a gefenta. Shafa'atu ta yi bisimilla ta ɗaga murfin. Shafin ya bayyana da sunayensa arba'in. Ta janye shi gefe a hankali, kamar mai ɗaga murfin tukunyar da ke tafasa.

Tagar tana nan. Layuka sun fi ɗari, tun daga ƙarfe bakwai na safiyar Asabar, kowanne da lokacinsa. Kafin ta karanta ko ɗaya sai da ta adana su a fayil, ta ɗauki hotonsu, ta sa Sajan ya ɗauka a tasa wayar. Sannan ta fara bi da yatsa. Tana addu'a a ranta, kuma abin kunya, addu'ar kada ta ga sunan take yi, ko da hakan na nufin Zayyanu ya tafi Birnin Kebbi.

A ƙarfe tara da minti goma sha huɗu yatsanta ya tsaya.

* * *

Bayan la'asar aka taru a zauren Sarkin Ruwa. Sajan ya zo da Zayyanu. Ga Alhaji Zulkiflu, mai jirgin kuma shugaban ƙungiya, ya sha babbar riga yana ta duban agogo. Ga Malam Abdulnasir an riƙo shi, ya rame kamar wanda ya yi wata yana jinya. Ga Bunyaminu, wani masunci da Shafa'atu ta roƙa a kira, ya raɓe a bakin ƙofa. Waje kuwa jama'a sun yi cincirindo, da yawansu sun zo ne su ga an tona asirin Zayyanu.

Alhaji ya riga kowa. "Ranka shi daɗe, wannan magana an gama ta. Yarinyar nan da bakinta ta ce arba'in ne. Ko yau na'urar tata ta koyi ƙarya?"

"Ni ce na yi kuskure, Alhaji," ta ce. Ta buɗe kwamfutar a kan tabarma. "Ranka shi daɗe, zan karanta abin da shafin ya yi ranar Asabar. Tara da minti goma sha huɗu, an rubuta Sa'adiyya Kanta. Tara da arba'in, jirgi ya cika. Tara da arba'in da huɗu, an goge Bunyaminu da ƙanensa, an rubuta baƙi biyu. Tara da hamsin da biyu, an goge Sa'adiyya Kanta. Bayan minti ɗaya an rubuta Jannatu daga Kamba."

Zayyanu ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa.

"To ai ga shi nan!" Alhaji ya yi caraf. "An goge ta, ke nan ta fasa tafiya ta sauka."

Shafa'atu ta juya wajen ƙofa. "Bunyaminu, kai ma an goge ka. Ka sauka?"

Masuncin ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa. Sarkin Ruwa ya ce, "Da kai ake."

"Ban sauka ba, ranka shi daɗe. Ni da ƙanena da iyo munka fita, can ƙasa da mashiga. Alhaji ya aiko anka ce mu yi shiru, in hukuma ta ji an wuce arba'in za a rufe mashiga, kowa ya rasa abinci." Ya dubi Zayyanu. "Sa'adiyya tana gaba, kusa da ni. Na kamo hannunta sau ɗaya. Ruwan ya fi ƙarfina."

Wata mata a waje ta saki salati. Alhaji ya fara wata magana, Sajan ya ɗaga masa hannu.

Shafa'atu ba ta dubi kowa ba sai tsohon malaminta. "Malam, don Allah mi ya sa ita?"

Malam ya ce, "Haka muke yi tun da anka kawo na'urar, ɗiyata. In ya cika, ga baƙo ya taho daga nesa, sai in cire ɗan gida. Baƙo shi ke buƙatar suna a rubuce, in an tambaya a iyaka. Ɗan gida kowa ya san shi." Hawaye suka gangaro cikin gemunsa. "Na leƙa na ce, Sa'a, ga baƙuwa, in cire sunanki? Ta yi dariya. Ta ce cire mana Malam, wa zai manta da ni a garin nan?"

"Kana tsaye a wurin ranar Asabar," in ji Shafa'atu. "Kana ji na ce ba ta ciki."

"Ina ji."

"Kana ji anka tafi da mijinta."

"Ina ji, ɗiyata. Kullum sai in ce gobe zan faɗa."

Ta so ta tsane shi, ta kasa. Sajan ya kwance ankwar da ke hannun Zayyanu, ya ce Alhaji da Malam su biyo shi mota. Sarkin Ruwa ya ba da umarni masu nutso su koma ruwa da sassafe, su bi gaɓa har inda Allah ya sa. Kowa ya san bayan kwana huɗu Kwara ba ta cika mayarwa ba, amma ba wanda ya faɗa. Jama'ar waje suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, ba mai iya haɗa ido da Zayyanu. Shi kuwa bai tashi ba. Ya ja jiki zuwa wurin Bunyaminu, ya kama hannunsa na dama, ya riƙe shi da hannu biyu yana kallo.

* * *

Goggo tana nan a bakin ƙofa inda aka bar ta. Labari ya riga Shafa'atu isowa, amma tsohuwar ta ƙi saurarar kowa. Shafa'atu ta durƙusa a gabanta.

"Goggo, na samo ta. Tana cikin jirgin."

"Kin tabbata wannan karon?"

Tambayar ta soke ta har ƙashi. "Na tabbata."

Goggo ta yi innalillahi sau uku, a hankali.

"An ce goge sunanta anka yi. Wa ya goge mini ɗiya?"

Da a ce Shafa'atu ta ce Malam Abdulnasir ne, da ba ta yi ƙarya ba, kuma duk garin zai tsaya mata shaida.

"Malam ya danna," ta ce. "Amma ni na yi abin da ya danna, Goggo. Ni na yi shi yadda ba ya barin komai. Ni kuma na tsaya gaban mutane na ce ba ta ciki, anka janye masu nema tun rana ba ta faɗi ba. Da an ci gaba, wataƙila da kin samu kin yi mata wanka."

Ta jira tsawa, ko mari, ko Allah ya isa irin wadda Zayyanu ya sha kwana uku. Goggo ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta dafa bango ta miƙe, sai a lokacin hawayen farko ya zubo mata.

"Tashi ki fiddo tabarmi, mutane za su zo gaisuwa," ta ce. "In kin gama ki tafi da kanki ki taho da mijinta. A nan zai zauna, kusa da ni. Ki riƙe shi a hanya, ƙafar nan tasa babu mai ɗaure masa ita yanzu."